Masu Shata wa Wuta Hanya a Nima da Maamobi

Wanda ya bi babban titin Nima ya miƙe zuwa Maamobi zai ƙirga rumfunan masu gyara har ya gaji. Ga mai gyaran waya, ga mai talabijin, ga mai naɗin fanka, ga wanda masallatan unguwa ke nema duk ranar da amsa-kuwwa ta ƙi tashi. Jama'a sun san su, sun kuma san darajarsu. Sai dai a cikinsu akwai wasu 'yan kaɗan da aikinsu ya zarce gyara. Mai gyara yana cire abin da ya ƙone ya sa sabo a kan allon da wani kamfani ya yi a wata ƙasa. Waɗannan kuwa allon kansa suke yi, tun daga zane a takarda har ya zama abin da wuta ke bi. A ganina ba a ba su yabon da ya kamace su ba, domin yawancinmu ba mu san abin da aikin ya ƙunsa ba.

Buɗe tsohuwar rediyo ko caja, za ka ga wani ɗan faranti, kore ko ruwan ƙasa, an dasa masa ƙananan kaya a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma siraran layuka suna ta kai-komo. Masu sana'a bod suke ce masa. Jikinsa ba ya ɗaukar wuta: ko dai takarda ce da aka jiƙa da ƙaro aka matse, ko kuma saƙar zaren gilashi, wadda ta fi ƙarfi ta fi tsada. Kaurinsa yawanci milimita 1.6 ne. A fuskarsa an shimfiɗa jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.035, wanda bai kai silin gashi ba. Sabon allo fuskarsa duka jan ƙarfe ce, sumul. Aikin gwani shi ne ya cire duk jan ƙarfen da ba a bukata, ya bar layukan da za su kai wuta daga wannan ƙafa zuwa waccan, kada ta ratse, kada ta tsallaka inda ba a aike ta ba.

Wani injiniya ɗan Ostiriya mai suna Paul Eisler, wanda ya yi hijira zuwa Ingila, shi ya haɗa rediyo a kan irin wannan allo a 1936. Da ma ya san harkar ɗab'i, sai ya ga yadda ake buga rubutu a takarda ana iya buga hanyar wuta a kan jan ƙarfe. Sojojin Amurka suka yi amfani da dabarar a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1948 aka sakar wa 'yan kasuwa ita. Kafin nan cikin rediyo tarin wayoyi ne a sarƙe, kowace an liƙa ta da hannu. Dattawan masu gyara da suka taɓa tsofaffin rediyo masu kwalba sun san wannan sarƙa. Ghana ma ta taɓa harhaɗa nata rediyon, Akasanoma, a Tema, tun shekarun 1960, don haka haɗa kayan lantarki ba baƙon abu ba ne a ƙasar.

Me zai sa saurayi a Nima ya ɗora wa kansa wannan wahala? Bukata ce. Wanda ya zauna a Accra a 2015 bai manta da dumsor ba, lokacin da aka kai ga a ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. A irin wannan hali kowane gida yana son fitilar da za ta kunna kanta da zarar wuta ta tafi, musamman gidan da yara ke hadda da dare ko uwar gida ke dafa wake da shinkafar da za a fita da ita da asuba. Akwai na kanti, amma suna saurin mutuwa, kuma idan sun mutu sau da yawa ba su gyaruwa. Wanda ya fahimci yadda fitilar ke aiki zai iya haɗa tasa: taransifoma ta sauke wutar gida daga bolt 230 zuwa 12, diyod huɗu su miƙar da ita, kapasita ta kwantar da ita, sai wani ɗan makunni mai maganaɗisu da ake kira rile, wanda wutar ke riƙewa. Muddin akwai wuta rile yana riƙe. Tana tafiya ya saki, ya haɗa batir da ƙwayoyin fitila. Ana iya haɗa wannan a kan allon nan mai ramuka da ake sayarwa, ana jan waya daga nan zuwa can. Zai yi aiki. Amma bayan wata biyu na jijjiga da ƙura da laimar bakin teku sai waya ɗaya ta kwance, kuma idan maƙwabta biyar suka ce a yi musu irinta, sai an sake dukan wahalar sau biyar. Allon da aka zana sau ɗaya kuwa ana iya fitar da shi sau ashirin, duk iri ɗaya.

Kayan aiki a Zongo Lane ake samun yawancinsu, can tsakiyar gari kusa da Makola. Wurin yana da tarihi da mu, domin nan ne tsohon zangon Hausawan Accra kafin Malam Bako ya ja jama'arsa zuwa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Yau layin ya cika da shagunan kayan lantarki: rizisto da kapasita a cikin 'yan aljihunan kabad, taransisto, ai-si, dalmar liƙi a naɗe, mitar gwaji. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma yana cirowa daga matattun na'urori. Shekaru da yawa Agbogbloshie ce rumbun irin wannan, har hukuma ta rushe kasuwar 'yan gwangwan ta wurin a watan Yulin 2021. Duniya ta fi sanin wurin da hayaƙin ƙona waya, kuma hayaƙin gaskiya ne, ya cuci mutane. Amma akwai ilmi a wurin ma. Shi ya sa masu zanen gine-gine biyu, DK Osseo-Asare da Yasmine Abbas, suka kafa shirin Agbogbloshie Makerspace Platform, don haɗa matasan da suka san cikin na'ura da hannu da ɗaliban da suka san ta a littafi.

Duk da haka ba a kasuwa gwanintar take ba, a zane take. Nan ne ake rabuwa tsakanin mai kwaikwayo da wanda ya fahimta.

Zane iri biyu ne. Na farko yana nuna wace ƙafa ke haɗe da wace, ba ruwansa da girma ko wuri. Wannan ana samunsa a littafi ko a intanet, kuma mai hankali yana gwada shi tukuna a kan allon gwaji, wanda ake soka kaya a zare ba tare da liƙi ba, har sai ya tabbata abin yana aiki. Na biyu shi ne na ainihin allon: ina kowane abu zai zauna, ta ina kowane layi zai bi. Ƙa'idar da ke sa gumi ɗaya ce. A fuska ɗaya ta jan ƙarfe, layi ba ya tsallaka layi. Idan suka haɗu sun zama abu ɗaya, wuta ta sami gajeriyar hanya, wani abu ya ƙone. To ga ƙafafu arba'in ko hamsin, kowace tana da inda za ta, kuma ba a yarda hanya ta gitta hanya ba. Sai ka ga mutum ya juya ai-si ya fuskanci gabas, ya matsar da kapasita, ya bi da layi ta ƙarƙashin cikin rizisto tsakanin ƙafafunsa biyu, ya goge, ya sake. In abin ya ƙi, sai ya yi gada da guntuwar waya ta saman allon. Gada ɗaya ko biyu ba laifi ba ne. Idan suka kai goma, duk wanda ya san aiki ya duba zai gane ba a yi wa zanen haƙuri ba.

Sannan ba duka layuka ne faɗinsu ɗaya ba. Wanda ke kai ɗan saƙo zuwa ƙafar taransisto siriri ya ishe shi. Wanda ke ɗauke da wutar batir zuwa fitilu ko zuwa lasifika dole a faɗaɗa shi, domin layi mai faɗin milimita ɗaya a wannan kauri abin da zai ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce amfiya biyu ba. Aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa sai ya yi zafi ya ɗaye. Inda wutar gida ta bolt 230 ke shiga kuwa, ana ware mata ɓangarenta, a bar tazarar milimita shida ko fiye tsakaninta da sauran, saboda ƙura da laima suna iya yi mata gada. Ni dai shawarata ga mai koyo ita ce kada ya kawo wutar gida kan allonsa ko kaɗan. Ya nemi caja ko adafta mai ba da bolt 12, ya bar haɗarin a cikin akwatinta har hannunsa ya nuna.

Wanda ya taɓa haɗa na'urar ƙara sauti ya san wani sirrin kuma. Ana iya ɗauko ai-si irin TDA2030, a bi zane daidai, kowace ƙafa ta je inda aka ce, amma a kunna sai a ji wani gunji yana bin muryar ladan daga farkon kiran salla har ƙarshe. Ba kayan ne suka lalace ba. Layin dawowar wuta ne aka bi da shi ba daidai ba: babbar wutar lasifika da ƙaramin saƙon makirfo suka bi hanya ɗaya, babba ya dama ƙarami. Gwani yana ware wa kowannensu hanyar dawowa, su haɗu a wuri ɗaya tak kusa da babbar kapasita. Yana kuma dasa ƙaramar kapasita dab da ƙafar ai-si, ba can nesa ba. Zanen farko bai faɗi wannan ba. Abu ne da ake koya da kunne, da lissafi, da zama kusa da wanda ya riga ka. Duk lokacin da na ji amsa-kuwwar wani ƙaramin masallaci tana fitar da murya tas, babu gunji, nakan san akwai wanda ya yi tunani a kan hanyar wuta.

A da da fensir da takarda mai gidaje ake wannan zane, kuma har yanzu hanyar tana aiki, tunda tazarar ƙafafun ai-si na gargajiya a tsaye take: milimita 2.54. Yanzu akwai manhajoji. KiCad, wadda wani malamin jami'a a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992, kyauta ce, kuma tana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Ɗalibai da yawa sun saba da Proteus, wasu da EasyEDA. Manhaja tana nuna maka inda ka manta haɗi, tana gargaɗi idan layuka sun matsu. Tana ma iya jan layukan da kanta, amma a allo mai fuska ɗaya abin da take fitarwa bai cika kai na mai haƙuri ba.

Bayan zane sai ɗora shi a kan jan ƙarfe. Duk wanda ya ga ana ƙunshi ya riga ya san asalin dabarar: mai lalle takan yanka salatif ta manna a ƙafa bisa zanen da take so, ta shafa lalle a kai, inda aka rufe ya tsira, inda aka bari a buɗe ya kamu. Haka ake yi wa allo. Ana rufe layukan da ake so da abin da ruwan magani ba ya ci, a bar sauran a buɗe.

Hanya mafi sauƙi alƙalamin maka ne, mai tawadar da ba ta wankuwa, a bi layi sau biyu har ya yi kauri. Wasu jan farce suke sa wa manyan wurare. Amma hanyar da ta fi fitar da aiki mai kyau ita ce ta firinta da dutsen guga. Sharaɗi shi ne firintar ta zama mai hoda, irin ta leza ko injin hoton takardu, ba mai tawadar ruwa ba. Dalili kuwa baƙar hodar nan garin roba ce, zafi ke narkar da ita ta manne a takarda. Abin da zafi ya manna, zafi zai iya ɗagawa ya mayar wani wuri. Don haka ake bugawa a takarda mai santsi, shafin mujalla ko tsohuwar kalanda, wadda ba ta shanye hodar. Mai koyo ya kula da abu biyu a shagon buga takardu. Ya ce a buga zanen a ainihin girmansa, kada a rage ko a ƙara don ya cika shafi, in ba haka ba ƙafafun ai-si ba za su shiga ramukansu ba. Sannan zanen yana juyewa idan aka kifa shi. Masu wayo sukan rubuta suna ko shekara a jikin zanen: a takarda rubutun ya fito a birkice, a kan jan ƙarfe ya karantu daidai. Idan ya karantu daidai tun a takarda, to a tsaya a gyara kafin a yi asarar allo.

Kafin guga sai wanka. Ana dirje jan ƙarfen da soson ƙarfe mai laushi har ya yi ƙyalli, a wanke da sabulu, a goge da tina ko sifirit, daga nan ba a ƙara taɓa fuskarsa da yatsa. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana hoda kamawa. Yaran shago sun sha jin maigidansu yana cewa, "Riƙe shi ta gefe, yaro." Shi kuma ya amsa, "To, Masta." Rabin allunan da ke lalacewa a hannun masu koyo a nan suke lalacewa, tun ba a je ga ruwan magani ba.

Sai a kifa takardar, a ɗora dutsen guga mai zafi sosai, ba tururi, a danna da nauyin jiki minti uku zuwa biyar, ana bin gefuna da bakin dutsen domin su ne ke saurin ƙin kamawa. Zafi ya yi kaɗan, layi ya ɓalle. Ya yi yawa ko an danna fiye da kima, hodar ta malale layuka biyu su haɗe. Babu ma'aunin da zai gaya maka daidai, kowane dutse da halinsa, hannu ne ke koya. Daga nan a jefa allon cikin ruwa, a bar takardar ta jiƙu ta yi laushi, a murje ta da babban yatsa a hankali. Baƙaƙen layuka su bayyana a kan jan ƙarfe. Gwani ba ya gaggawa a nan. Yakan kai allon haske ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, inda ya yanke ya cike da maka, inda biyu suka haɗe ya raba su da tsinin allura.

Ruwan maganin da aka fi amfani da shi sunansa ferik kuloraid. Ana sayar da shi a dunƙule, ko gari, ko a narke, launinsa ruwan ƙasa mai duhu. Aikinsa shi ne ya fizge jan ƙarfen da ke buɗe ya narkar da shi cikin ruwa. Idan gari ne, shi ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba masa ruwa a kai, domin yana ɗaukar zafi. A roba ko gilashi ake aikin. Kwanon silba ko na ƙarfe maganin zai cinye shi, cokali ma na roba ake sawa. Kuma robar da ta ga wannan ruwa ta bar kicin har abada. A sa safar hannu, a kare ido, a yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, yara kuma su yi nisa. Tabonsa a riga ba ya fita.

Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi ci. Digiri 40 ko ɗan sama da haka ya isa, kuma ana samunsa ta hanyar ajiye robar cikin baho mai ruwan zafi. Ana rausaya ta a hankali don sabon ruwa ya riƙa wanke fuskar allon. Cikin minti goma zuwa talatin, gwargwadon ƙarfin maganin, sai jan ƙarfen ya fara ɓacewa daga gefuna zuwa tsakiya, jikin allon yana bayyana. Wannan ne lokacin da ba a tashi a je ko'ina. Da zarar ɗigon ƙarshe ya tafi sai a tsamo, domin maganin ba ƙasa kawai yake ci ba, yana shiga ta gefen layi a ƙarƙashin hodar, kuma siririn layi zai iya tsinkewa in aka ƙara minti biyar. Mai dabara tun a zane yake rage wa kansa aiki: duk filin da babu layi yakan bar shi cike da jan ƙarfe ya haɗa shi da layin dawowa. Abin da za a ci ya ragu, magani ya daɗe, na'ura kuma ta fi natsuwa. Akwai masu haɗa asid ɗin wanke tayil da ruwan wanke ciwo, yana ci da sauri, amma tururinsa na cutar da huhu da ido, yana kuma sa duk ƙarfen da ke ɗakin tsatsa. Ba na mai koyo ba ne, kuma ba na gidan haya mai cike da jama'a ba ne.

A ɗauraye allon sosai, a goge baƙar hodar da tina. Abin da ke fitowa a nan yana da kyau ƙwarai: layukan jan ƙarfe suna walƙiya, kowane a inda aka zana shi. Na ga manya masu gemu suna jujjuya irin wannan allo a hannu suna murmushi, kuma sun cancanci murmushin.

Saura huda da liƙi. Bakin huda na milimita 0.8 ya dace da rizisto da ai-si, na milimita ɗaya ga diyod masu kaurin ƙafa, rile kuma ya fi haka. Bakunan sirara ne, ɗan karkata kaɗan sun karye. Da yawa suna haɗa injin hudarsu da motar tsohuwar firinta. Wanda ya yi tunani tun farko yakan bar ɗan fili a tsakiyar kowane zagayen jan ƙarfe da ƙafa za ta shiga, magani ya cinye wurin, bakin huda ya sami inda zai zauna bai zame ba. Ƙurar allon gilashi ba ta shaƙa ba ce, a rufe hanci. Wajen liƙi kuma ana ɗora bakin ƙarfe a kan ƙafa da zagaye tare, a kawo dalma ta narke ta kwanta, daƙiƙa biyu ko uku a ɗaga. An daɗe, zagayen ya ɗaye daga allon. Dalmar da aka fi sayarwa kuza ce kashi 60, darma kashi 40, kuma darma guba ce. Mu da hannu muke cin abinci, don haka a wanke shi da sabulu kafin a taɓa tuwo ko ƙosai. Iskar Accra mai gishiri ce, jan ƙarfe tsirara ba ya daɗewa bai dushe ba, shi ya sa ake shafe shi da ƙaron liƙi da aka narkar a sifirit ko a fesa masa banish.

Gwani ba ya kunna sabon allo kai tsaye. Yakan ɗauki mita ya bi layuka yana sauraron ƙararta: inda ya kamata ta yi kuka ta yi, inda bai kamata ba ta yi shiru. Idan na'urar mai shiga wutar gida ce, yakan sa ƙwan fitila irin na da a jere da ita, in akwai kuskure ƙwan ya haska ya shanye wutar maimakon kaya su ƙone. Sai bayan nan a zare filogi a ga ko fitila za ta kama da kanta.

Akwai wani abu da ba zan yi shiru a kansa ba. Ruwan da ya gama aiki cike yake da narkakken jan ƙarfe, wanda ke kashe kifi da ƙananan halittun ruwa. Babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi tana zuba a Odaw, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ya zuba a teku inda masunta ke neman abinci. Ruwan Odaw da Korle ya riga ya sha wuya, bai kamata mai ilmi ya ƙara masa ba. Maganin ana maimaita shi sau da yawa, a adana a jarka mai murfi da aka rubuta wa suna, ba kwalbar lemo da yaro zai ɗauka ba. Idan ya koma kore ya daina ci, a zuba masa farar ƙasa ko sodar wanki kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, laka ta kwanta, a busar da ita a ɗaure a ajiye. A 2016 Ghana ta kafa doka ta musamman kan shara mai haɗari da sharar kayan lantarki, amma ko babu doka, haƙƙin maƙwabtaka ya isa.

Wani zai ce wahalar ta mece ce, alhali kamfanonin Shenzhen a China suna buga ƙananan alluna biyar a kan 'yan daloli? Gaskiya ne, kuma nasu ya fi kyau: fuska biyu, koren rufi, rubutu fari. Allon waya mai hawa takwas ko goma ba wanda zai yi shi a tsakar gida. Wanda zai sayar da na'ura ɗari, can ya kamata ya aika. Amma kuɗin jigila sau da yawa ya fi na allon, ga jiran makonni, kuma in ya iso da kuskure ɗaya sai a sake jira. Mai yi a gida yana zanawa da safe, kafin la'asar ya gwada, ya ga kuskurensa, gobe ya gyara. Wanda ya lalata allo goma da hannunsa, ranar da zai aika zane kamfani zai aika wanda ya nuna. Shi ya sa nake ganin wannan sana'a makaranta ce da ba ta da madadi.

Wuraren koyo suna nan. Accra Technical Training Centre tana Kokomlemle, tafiyar ƙafa daga Nima. Akwai Accra Technical University. Tun 2004 aka buɗe ɗakin ƙere-ƙere na fab lab a Takoradi Technical Institute da taimakon jami'ar MIT ta Amurka, ɗaya daga cikin na farko a duniya, inda inji ke sassaƙa allo maimakon ruwan magani. A 2017 kuma majalisa ta kafa Asusun Raya Zanguna. Abin da aikin nan ke bukata bai taka kara ya karya ba: tsohuwar kwamfuta, firinta mai hoda ɗaya da za a yi tarayya a kanta, dutsen guga, roba, mita, da babba mai sa ido.

Kirana ga iyayen gida masu rumfunan gyara shi ne kada su tsayar da yaransu a kan cire wannan sa wancan. Su nuna musu zane, su bar su su lalata allo ɗaya ko biyu. Shugabannin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa su ware rana ɗaya a mako su gayyato wanda ya iya, a kuma sa 'yan mata a ciki, domin aikin natsuwa da tsabtar hannu yake so, ba ƙarfin damtse ba. Kai kuma uba ko uwa, idan ka ga ɗanka yana kwance matacciyar rediyo yana bin layukan bayanta da yatsa, kada ka kore shi. Ka kama hannunsa ka kai shi wurin mai sana'a na gari, ka saya masa mita da allo ɗaya ya fara.